Ragunan da Ban Duba Ba

Abin da kuka sani game da barin babban yayanku, Hammanku, garin nan, a bakin mutane kuka ji shi, su kuma mutanen a bakina suka ji. Shi ya sa ba wanda zai iya gyara maganar sai ni. Na kai shekarun da in na tsuguna alwala sai na dafa bango kafin in miƙe, idona na dama ya soma yana, saboda haka bari in rubuta tun ina ganin layin takarda. Ba zan ɓata muku lokaci da inda aka haife ni, ko yadda fari ya cinye shanun mahaifinmu muka shigo Gombe ba. Goggonku Dija ta ba ku wannan labarin har kun haddace shi, da ƙarin gishirinta. Shekara ɗaya nake so in faɗa muku, ita ma ba dukanta ba, wata biyu kafin Babbar Sallah da 'yan makonni bayanta.

Kun san sana'ata. Shekara arba'in da wani abu ina dillanci a tike, kasuwar dabbobi, kuma a cikin dabbobin ma raguna na fi sani. Dillalai da yawa baki ne jarinsu, ni nawa jarin hannu ne da ido. In aka kawo mini rago, ba na jin kuɗinsa sai na buɗe bakinsa na ga haƙori, na kaɗa yatsa a gaban kowane ido na ga ko zai ƙifta, na shafa kunne har gindinsa, na ɗaga kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan in sa a ja shi ya yi tafiya a gabana. In da aibi, kafin a fara ciniki nake faɗa, ko da mai ragon zai mutu don haushi. In babu, sai in dafa bayansa in ce: na duba haƙori, na duba ido, na duba kunne, na duba kofato, ni na tsaya masa. Wannan maganar ita ta gina gidan nan na Jekadafari, ita ta kai ni Makka, ita ta aurar da 'yan'uwanku mata. Ragon layya ba ragon suya ba ne. Mai ido ɗaya, ko gurgu, ko wanda aka yanke wa kunne da yawa, in ka yanka shi ka ci nama amma ba ka yi layya ba, kuma yawancin masu saye ba su iya ganewa. Da idona suke gani.

Yanzu ga abin da ku 'yan baya ba ku taɓa ɗanɗana ba. Ku kun hau cinyata, kun ja mini gemu, Auta har wayata take ƙwacewa. Hammanku ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari kunya ce. Ban taɓa kiran sunansa ba, mahaifiyarku ma haka. Ranar da aka yaye shi aka miƙa wa yayata, Adda Dija, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta raine shi a ɗakinta na ƙuryar gidan nan. In ya shigo zaure ina zaune, sai ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe da ƙasa, ni kuma in amsa wa bango. In ina da magana da shi, Adda ce take kaiwa, in shi ke da ita, ita ke kawowa. Haka na ga mahaifinmu ya yi wa Adda Dija kanta, don ita ce 'yar farinsa, kuma ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ne shaida. Ina ganinsa ta wutsiyar ido yana girma, raina yana fari, bakina a rufe.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, na koya wa 'ya'yan mutane fiye da goma yadda ake buɗe bakin rago. Na kama hannunsu na ɗora a kan haƙarƙari na ce ku ji nan. Amma nawa ɗan ban taɓa tsayawa da shi a gaban dabba ba, ko sau ɗaya. Yaya zan kama hannun wanda ko idonsa ba na kallo? Shi sai ya bi boko, ya karanta kwamfuta, ya dawo ya yi aure, aikin gwamnati ya ƙi samuwa. Ya haɗa shago kusa da Babbar Kasuwa da abokinsa Emeka, suna gyaran wayoyi. Emeka Inyamuri ne amma a nan aka haife shi, mahaifinsa kayan gini yake sayarwa. Ranar Lahadi yana coci, ranar Sallah yana zauren nan yana cin suyar layya, kuma ya fi wasunku jin Hausa.

Wata safiya ina shan kunu, Adda Dija ta jawo kujera ta zauna a gabana.

"Buba, ɗana yana son aron fuskarka."

"Fuskata kuma? Tasa ta ƙare ne?"

"Ni dai abin da aka ce in faɗa ke nan. Wai za su gina tike a cikin waya su tsayar da kai a ciki. Na ce masa wannan ai kamun kurwa ne, ya yi ta dariya. Ka saurare su, ba ya neman abu a wurinka kullum."

Da la'asar suka zo su biyu. Hammanku ya tsuguna a inda ya saba, Emeka ya shigo har tsakiyar zaure, shi ne bakin.

"Baba, ka san yaran garin nan da suke Legas da Fatakwal da Saudiyya da Turai ba su ƙirguwa. Kowa yana son ya saya wa tsohuwarsa rago, amma yana tsoron a cuce shi. To mun gina kasuwa a intanet. Mutum yana ɗakinsa zai sa wani tabarau, ko ya riƙe waya kawai, ya shiga da siffar da ya zaɓa wa kansa, abata muke ce mata, ya yi yawo a tsakanin raguna kamar yana tike. Abu ɗaya ya rage mana, wanda kwastoma zai gani ya yarda."

"Ni ne abin ke nan."

"Kai ne, Baba. A tike mutum ɗaya kake tsayawa da shi, a can za ka tsaya da mutum ɗari a lokaci guda. Ba rana, ba ruwan sama, ba a tashi kasuwa. Nan duniya ta nufa. A waje har filaye ake saye a irin wannan wuri, ana ɗinka wa abata kaya ana sayarwa."

Na ce masa filin da ba a shuka a ciki, ba a binne gawa a ciki, Allah ya ba mai sayensa lafiya. Ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan daga bakin ƙofa Hammanku ya yi magana, idonsa a kan tabarma. Ku riƙe wannan, don shi ya gindaya sharaɗin, ba ni ba.

"Ba za mu sa lamba a kan rago ba sai Baba ya taɓa shi da hannunsa. In ba haka ba gara a bari."

Na amsa wa bango cewa na yarda. Dalili biyu ne, ba zan ɓoye muku ba. Na farko girman kai, na ji daɗi a ce duk Gombe fuskata ce za a nuna wa Turai. Na biyu, wannan ne abu na farko da yaron nan ya taɓa nema a wurina tun da aka haife shi. Bayan kwana biyu suka tsayar da ni a tsakar gida cikin farar babbar riga, Emeka yana zagaya ni da kyamara, yana cewa in ɗaga hannu, in sauke, in yi murmushi, in daina. Suka sa na maimaita maganar tsayawa rago har sau ashirin. Mahaifiyarku tana bayan labule tana dariyar da take tsammanin ba na ji.

Sai na bayyana muku yadda abin yake, don a nan haɗarin ya kwanta. Ragunan da ke cikin kasuwar tasu ba na gaske ba ne, zane ne. Raguna uku suka ɗauka hoto, uda da balami da ɗan ƙasa, lafiyayyu ƙalau, daga su na'ura take fitar da sauran, ta ƙara wa wannan tsawo, ta canza wa wancan launi. Kowane zane yana da lamba, kuma lambar tana rataye a wuyan wani rago na gaske a garken da suka kama haya a bayan gari, hanyar Dukku. Mai saye ba zai taɓa ganin aibi a zane ba, don ba a zana aibin ba. Zai zaɓa, sai mutum-mutumina ya matso ya dafa bayan zanen ya faɗi maganata da muryata. Ke nan tsakanin mai saye da mugun rago ba abin da ya tsaya sai hannuna na gaske.

Kashin farko na ragunan na je na duba. Da sassafe nake zuwa, Hammanku yana ba ni wuri, Emeka ke buɗe mini ƙofa. Na fitar da biyar, ɗaya don ɗingishi, biyu ba su kai shekarun layya ba, biyu don tari. Abu ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. Har tike aka riƙa samuna ana cewa ɗan wane ya gan ni a Jidda, 'yar wance ta yi ciniki da ni daga Landan. Kada wani ya ce muku dabarar ce ba ta da kyau. Tana da kyau, yanzu ma na ji wasu suna yin irinta suna ci.

Amma kun san bakin 'yan tike. In na iso da safe sai wani ya ce, "Alhaji, yau kai ne ko na cikin waya?" Wani ya ce a taɓa ni a ji ko ina da ɗumi. Wannan duk na shanye, wasa ne. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ta wani dillali sa'ana da muka daɗe muna gogayya. Bai ma kalle ni ba, ya faɗa wa na kusa da shi yadda zan ji.

"Zamani ke nan. Da uba ke ɗaukar ɗa aiki, yanzu ɗan fari ke aiken ubansa garke da sassafe."

Na yi kamar ban ji ba, amma na kwana da ita, na tashi da ita. Ni da ko sunan yaron ba na faɗa, a ce shi ke aikena.

Makon ƙarshe kafin Sallah sai masu saye suka yi musu ambaliya. Ragunan da na duba suka ƙare, suka aika kasuwannin Kumo da Dukku aka sayo wasu. Adda Dija ta kawo saƙo cewa ana jirana in je in duba. Na ce na ji, zan je, ban je ba. Washegari ta sake, na ce ba ta ga tike a cike take ba, makon da dillali ke cin shekararsa ke nan. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba, da ina so awa biyu sun ishe ni. Saura kwana biyu Sallah, da rana tsaka, ina cikin ciniki sai na ga mutane suna darewa. Adda Dija ce, tsohuwa da sandarta, ta tako har cikin tike tana tsallake kashin shanu. Ta tsaya a gabana ta ce ta zo da magana. Daga bayana na ji muryar mutumin nan.

"A ba Alhaji hanya, maigida na kira."

Aka yi dariya. Na ja ta bayan rumfa inda ba mai jin mu.

"Buba, mota biyu aka sauke. Yaron nan bai san hagu da dama a jikin rago ba, kai ma ka sani. Ya ce in ba za ka samu zuwa ba, zai rufe kasuwar yau ya ba mutane haƙuri."

"Ki ce masa kada ya rufe komai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya duba da kansa, ya sa lamba, ya bar abin ya ce ni na duba."

Ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da take mini muna yara in na bar maraƙi ya ɓata.

"Maimaita, in ji da kyau."

Na maimaita.

"To. Ni 'yar aike ce."

Ta juya ta tafi. Hammanku bai taɓa saɓa wa maganata ba a rayuwarsa, wannan ma bai saɓa ba. Ya shiga garke ya duba irin duban wanda bai sani ba, wato ƙiba da tsawo da kyawun ƙaho. Ya rataya lambobi, mutum-mutumina ya ci gaba da rantsuwa, aka rarraba raguna gida-gida.

Washegarin Sallah da hantsi Inna Kulu ta yi sallama a zauren nan. Matar wani abokina ce da ya rasu, a unguwar Arawa take, ɗanta yana aikin asibiti a ƙasar waje. Ta sauke wani kwano a gabana ta ɗage zanen da ta rufe shi da shi. Kan rago ne, ba a babbake ba tukuna. Idon hagu fari fat, hakiya ta rufe shi, irin wadda ko daga bayan katanga zan gane.

"Alhaji, ba faɗa na zo yi ba. Tun da aka sauke shi na ga idon. Na buga wa ɗana, ya ce Inna, Alhaji Buba da bakinsa ya ce mini ya duba ido. Sai na ce to, nawa idon ne ya tsufa, na sa aka yanka. Jiya da yamma liman ya shigo gaisuwa ya gani, ya ce in zo in tambaye ka."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar nan ta ƙaryata idonta don ta gaskata ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a cikin kunyar nan bakina ya riga ni, na ce mata aikin yaran nan ne. Na kwance ragon da nake turke da shi don sunan jikata na sa aka kai mata, tunda kwanakin yanka ba su ƙare ba. Amma labari ya riga ya fita. Mutane suka shiga jawo fatu da kawuna suna dubawa, wannan ya tuna nasa yana ɗingishi, wancan ya ga kunne a yanke rabi. Gida shida suka fito bayan nata, kuma su sai da kwana ukun yanka suka wuce suka gane. Layyarsu ta wannan shekara ta tafi, ba abin da zai dawo da ita.

Rana ta biyar Sarkin Tike ya tara mu a rumfarsa, dillalai da mahauta da masu ƙara da 'yan kallo. Ina zaune a kan buzu ta hannun damansa, wurin da ake ba dattawa. Hammanku da Emeka suna tsugune a rana. Aka ji bakin masu ƙara ɗaya bayan ɗaya, sannan Sarki ya juyo gare ni.

"Alhaji Buba, shekara arba'in ba a taɓa kawo ƙararka nan ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, abin da ka faɗa shi ke nan. Ragunan nan na ƙarshe, da saninka aka ce ka duba su?"

Na dubi rumfar. Ga mutumin nan sa'ana yana jira, ga waɗanda na koya wa sana'a, ga 'ya'yan waɗanda suka sayi rago a hannuna tun kafin a haife ku. In na ce e, na gama a tike ranar nan. Ba wanda ya ji abin da na faɗa a bayan rumfa sai tsohuwa ɗaya, kuma mata ba sa zuwa wannan zama. Duk wannan na lissafa shi, ba ruɗewa na yi ba, kada ku nema mini wannan uzurin.

"Ban san an kawo su ba. Ba wanda ya faɗa mini. Na duba na farko, sauran sun yi gaban kansu da fuskata."

Emeka ya zabura.

"Haba Baba! Ai sau uku aka..."

Hammanku ya riƙe masa hannu. Ya ɗago kai, kuma a iya sanina ranar ce rana ta farko da muka haɗa ido da shi tun yana goye. Bai daɗe ba ya mayar da kansa ƙasa.

"Ranka ya daɗe, yadda Baba ya faɗa haka ne. Laifina ne ni kaɗai, ko abokina bai sani ba."

Rumfar ta ɗauka. Aka ce ɗan boko ya sayar da mutuncin ubansa, aka ce Allah ya raba mu da haihuwar asara. Wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Mutane suka riƙa zuwa suna ba ni hannu suna mini jaje, ni kuwa ina karɓa. Aka yanke cewa ya mayar wa gidajen nan abin da suka biya, kuma kada a sake ganinsa a harkar dabbobi a garin nan.

Da na dawo gida Adda Dija tana tsakar gida tana tsince wake. Labari ya riga ni. Ba ta ɗago ba.

"Shekara talatin ina kai masa saƙonka, ban taɓa kai masa wanda ya cuce shi ba sai wannan. Ya zo ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, har uwarsa. Na yi masa alkawari. Don shi na yi, ba don kai ba."

Daga ranar ba ta sake kirana Buba ba, sai Alhaji, kamar baƙo. Hammanku ya sayar da rabonsa na shago ya sallami mutane. A masallacin unguwa in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Matarsa ta daina zuwa biki da suna. Bayan mako uku ya zo ya tsuguna a bakin zaure ya ce zai tafi Legas neman aiki, yana neman albarka. Na ce wa bango Allah ya kiyaye hanya.

Ya tafi da kwana biyu Emeka ya zo da tabaran nan a leda. Bai zauna ba.

"Baba, ya ce in goge komai. Amma ko sau ɗaya ba ka shiga ka ga abin da ya gina ba. Ka gani tukuna."

Ya ɗaura mini a fuska. Sai ga ni a tike, amma tike ba wari, ba ƙuda, ba kowa. Hammanku ya zana rumfar mai shayi, ya zana bishiyar da nake ɗaure babur a gindinta, har dutsen da nake zama a kai in na gaji. Yaron da ban taɓa kaiwa tike ba ya san inda nake zama. Ashe yana zuwa yana kallona daga nesa. Ina tsaye sai wani dattijo mai farar riga ya tako ya nufo ni, da tafiyata, da ɗan karkata kai da nake yi. Ya yi mini murmushi ya dafa bayan wani rago, ya ce mini ya duba haƙori, ya duba ido, ya duba kunne, ya duba kofato, shi ya tsaya masa. Na fizge abin daga fuskata. Na ce wa Emeka ya goge. Ya ce to, ya ɗauki ledarsa. Bai sake cin naman Sallah a gidan nan ba.

Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa har yau ban taɓo ƙarshensa ba. Sunana ma ƙaruwa ya yi, aka ce ga mutumin da ko ɗansa bai rufa wa asiri ba a kan gaskiya. Yanzu in rigima ta tashi a tike a kan aibin dabba, ni ake kira in raba. Ku ma kun taso kuna alfahari da wannan, kuna jin nauyin ambaton Hammanku a gaban mutane. Na ji ɗayanku ya taɓa ce wa abokinsa yayan nasu ya ɗan samu matsala ne. Ina jinsa ta taga, ban gyara masa ba.

Bara Adda Dija ta rasu da alkawarinta a ciki. Hammanku ya zo jana'iza, ya yi furfura a gefen kai, ya kwana uku. Ranar da zai koma muka haɗu mu biyu a soron ciki, ba kowa, ba kuma wadda za ta kai saƙo. Ya tsuguna. Maganar tana bakina, na ji nauyinta a kan harshena. Na daɗe tsaye har ya ɗan ɗago yana jira. Abin da ya fito shi ne, a gaida yara.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma umarni ne ba shawara ba. Kada ku aika masa wannan takarda a ɓoye, shi ya san abin da ke ciki, ba shi ke buƙatar ji ba. A gaban jama'a na kashe shi, a gaban jama'a za a wanke shi. Babbanku a cikin waɗanda ke gida ya kai wa Sarkin Tike, ya roƙe shi a tara mutane ranar da kasuwa ta fi cika, a kira gidajen nan bakwai, a kira Emeka, a karanta daga farko har ƙarshe ba tare da an tsallake layi ba. Na so in ce ku bari sai bayan raina, har na rubuta haka na soke, don wannan ma wata dabarar ce ta tsira. Ku yi shi a wannan makon. Zan zo da ƙafata, kuma kada wanda ya shimfiɗa mini buzu. A rana zan tsuguna.